Yatsu Uku Daga Gilashin Babur

Dogo ake ce masa tun yana saurayi, sunan kuma ya bi shi har ya yi furfura. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Ba shi da shago. Akwatin kayan aiki ne ɗaure a bayan babur, da ɗan gwangwanin mai, sai gilashin tare iska da ya kafa a gaba shekara ashirin da suka wuce. A wancan lokacin bakin gilashin daidai haɓarsa yake tsayawa, shi kuwa yana kallon hanya ta sama.

Da daminar bana ne hanya ta fara rabe masa gida biyu. Wani siririn layi ya gitta masa a ido. Sama da layin komai garau. Ƙasa da shi kuwa, ta cikin gilashin da rana ta dafa har ya koma ruwan zuma, sai ka ce an nutsa garin cikin tafki. Yakan hango mace ɗauke da bokiti, kanta na tafiya a sarari, jikinta na iyo a ƙasa. Motoci su taho a yanke, itatuwa su rabu da gindinsu. Wani lokaci har daɗi abin yake yi masa, ya rage gudu, ya bi layin shaguna a hankali kamar mai tuƙa kwalekwale. Amma kafin la'asar wuyansa ya ƙage, don yini yake yana miƙa shi kamar zalɓe, ya gaji ya duƙa, ya sake miƙawa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya saci jiki ya je asibitin ido. Likita ta sa shi ya karanta haruffa har layin ƙarshe, sannan ta ajiye fitilarta ta ce, "Baba, ai idonka ya fi nawa." Ya fito hankalinsa ya ƙara tashi. In ba ido ba ne, to ashe kai ne.

Matarsa ce ta tsinci katin asibitin a aljihu ranar wanki. Sai ta kira Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aiki a shagon masu yin allon talla, tana yanka haruffa daga faifan roba. Washegari da safe Auta ta fito da jakarta ta ce, "Baba, yau kai za ka kai ni."

Rabonta da hawa bayansa tun tana makaranta. A da, bayan rigarsa kaɗai take gani, faɗi guda kamar bango. Yau sai ga hanya ta saman kafaɗarsa, ga kuma kansa yana sama yana ƙasa. Ta yi ta tambayarsa a kunne har ya faɗa mata zancen layin.

Da suka isa ƙofar shago ta sauka ta ce, "Kada ka tashi. Zauna yadda kake zama in ba mai kallonka."

Ya saki kafaɗa. Ta koma gefe ta tsuguna, ta dubi idonsa, ta dubi bakin gilashin. Ta fara dariya, sai kuma ta haɗiye ta.

"Ba idonka ba ne, Baba. Kai ne ka sauko."

"Na sauko daga ina?"

"Tsawo ka rage. Gilashin yana nan inda ka bar shi, bakinsa ne ya zo daidai idonka."

Dogo ya shafa tankin mai, ya ce, "Ikon Allah. To yanzu ɗaga ni za a yi?"

"A'a, shi za mu rage wa tsawo."

"Ke Auta, wannan gilashin ya sha min tsakuwa, ya sha min ruwa. In kin yanke ba ya komawa fa."

"Shi ya sa zan fara da kaɗan."

Ta ɗiga alama da alƙalami daidai ƙasan hancinsa, yatsu uku daga bakin. Suka kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da shi, ta shiga da gilashin ciki ta kwantar da shi a kan tsohon bargo. Gilashi dai ake ce masa, amma roba ce mai kauri, irin wadda take yankawa kullum. Ta liƙe shi da salatif ciki da waje don kada ya karce. Ta zana gantsarewar bakin a kan kwali, ta yanke kwalin, ta sauko da shi zuwa alamar, ta bi shi da alƙalami. Sannan ta ɗauko zarto mai ƙananan haƙora.

"Bi a hankali," in ji shi.

"Baba, je ka zauna. In na yi sauri ai narkewa zai yi ko ya tsage. Na sani."

Ya zauna a benci tsakanin manyan haruffa ja da shuɗi da ke jingine da bango suna jiran a haɗa su. Farin gari na zuba daga bakin zarton a hankali. Ƙarar tana zuwa tana komawa, irin ta keken ɗinkin da ya sha mai. Fanka na juyawa a sama. Bai san lokacin da ido ya rufe ba. Ya ga kansa a kan babur, hanya ta zama dogon farin yadi da aka shimfiɗa har bakin sama, duk inda taya ta taka sai ɗinki ya fito a miƙe. A gefen yadin ga mahaifiyarsa zaune tana riƙe da bakinsa don kada iska ta ɗaga, tana ce masa ya daina gudu, ba inda yadin zai je.

"Baba. Baba, tashi ka taɓa."

Auta ce tsaye, hannunta jiƙe da ruwa, riƙe da samfefa, takardar goge kaushi. Ta goge sabon bakin da mai kaushi, ta bi da mai laushi, har ya yi sumul. Ya bi shi da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan bai ji ƙaya ba. A kan tebur ga abin da aka cire, siriri, a lanƙwashe kamar jinjirin wata.

Suka mayar da gilashin. Ya hau, ya tayar, ya zauna yadda jikinsa yake so.

Hanya ta dawo guda. Iska ta taɓa masa goshi, ba da ƙarfi ba, ta zo masa da ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa da safe, da na katakon da kafintoci ke ferewa, da na burodi daga wani lungu da bai taɓa sanin ana gashi a ciki ba. Akwai wata tela da ke jiransa, kekenta na tsallake zare. Ya zo daidai kwanar gidanta, ya ga kwanar sarai, ya wuce. Ya bi ta gada, ya dubi ruwa, ya miƙe har inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, sannan ya juyo a tsanake.

Telar na bakin ƙofa da almakashi a hannu. "Haba Malam Dogo, tun safe nake zuba ido! Yau lafiya kake ta murmushi? Ga ma ƙwaro a gemunka."

Ya kaɗe gemun, ya sauke akwatinsa.

"Yi haƙuri, 'yata, hanya ce ta riƙe ni. Ina mara lafiyan? Taka shi in ji kukansa."