Ƙodar Sajan

Nas ta sake ɗaure dantsen Moomal da abin awon jini, ta matsa, ta dubi lambar, ta rubuta a takarda. Moomal kuwa ta san abin da ke nan.

Tun daga Sukkur ta zo Karachi da magana ɗaya a bakinta. Shekara biyu ke nan da dashen ƙodarta, kuma likita ta taɓa cewa in komai ya daidaita za ta iya ɗaukar ciki. Ƙanenta Sajan, wanda ya ba ta ƙodar, ya ajiye kekensa na haya ya rako ta, yana riƙe mata jaka.

"Jininki ya ƙi sauka, ga alamar ƙodar ta fara wahala," in ji likitar. "Maganin da ke hana jikinki yaƙar ta, shi ke matse jijiyoyin da ke kai mata jini. Ita kuma da ta ji jini ya ragu, sai ta zaci asararsa kika yi, ta saki wani sinadari da ke ƙara matse jijiyoyinki, ya riƙe gishiri. Haka hawan jinin yake dawowa kanta."

"To a rage maganin mana."

"Mun rage iya ragewa. In na ƙara, jikinki zai gane baƙuwa ce."

"Baƙuwa?" Sajan ya yi dariya. "Ciki ɗaya fa muka fito."

Babu wanda ya taya shi.

"Akwai ƙwayar da ke toshe sinadarin, ita ta fi kare ƙodar," likitar ta ci gaba a hankali. "Amma ba ta haɗuwa da ciki. Tana lalata ƙodar jariri."

"In na ƙi sha, na ɗauki cikin fa?"

"Wasu sun haihu lafiya. Wasu sun koma kan injin wankin jini."

"Rubuta mata, likita," in ji Sajan.

"Kai aka tambaya?" in ji Moomal.

"Yaya, ni aka tsaga."

Bai taɓa faɗa ba sai yau. Nan take ya sunkuyar da kai, ya shiga gyara madaurin jakar da babu abin da ya same shi. Moomal ta so ta zage shi, ta rasa da wane bakin. Ta miƙa hannu ta karɓi takardar maganin.

A tasha mijinta Sohrab ya kira ta a waya, muryarsa cike da ɗoki. "Yaya dai? Me ta ce?"

"Gadon jaririn nan da Inna ta sa aka sauko da shi, ka mayar da shi sama kafin in iso."

"Har yaushe?"

Moomal ta hango Sajan can bakin mota yana rigima da kwandasta, ya dage sai an ba yayarsa wajen taga.

"Ban tambaya ba," ta ce.