Gurasar da Ke Yagewa a Shagon Abu Gassan

Da hannun Abu Gassan ya fara rawa, yankan nama bai gagare shi ba, naɗin ne ya zama jidali. Mutumin da ya tsufa yana sayar da shawarma a birnin Irbid, wai yau shi ne zai naɗa, miyar tafarnuwa ta tsiyayo wa mai saye a riga! Shi ya sa 'yarsa Rudaina, injiniya a wani kamfani a Dubai, ta ɗauki hutu ta zo da inji mai hannuwan ƙarfe, ta kafa shi gefen wuta. Ta ce ba inda za ta sai injin ya iya naɗi.

Inji kuwa ya ce bai san zance ba. In ya matsa, gurasa ta yage. In ya sassauta, nama ya zube ta gindi. Gurasar kuma ta hannu ce, siririya kamar takarda, ba ka samun biyu iri ɗaya.

Abu Sakar mai aski, maƙwabcinsa, shi ke cinye duk wadda ta lalace. "Allah Ya ƙara wa yaron ƙarfen nan naka daƙiƙanci," yake cewa da baki cike. "Tun da ya zo ban sayi abincin rana ba."

"Ci, mayunwaci. Aski ma ba ka iya ba."

Rudaina ba ta kula su. Ta kwance nan, ta ɗaure can, har wata safiya inji ya naɗa guda biyar a jere, tsaf. A nan gaban tsohon ya faɗi. In abin nan ya iya, ai yarinyar ta tafi ke nan. Shi kuwa ya saba: shayi tare da safe, faɗan taba da take yi masa, dariyarta irin ta marigayiya uwarta. Rabonsa da jin daɗi haka har ya manta.

Sai ya shiga yin abin da ba mai shawarmar da ke yi. Kafin ta iso yakan yaye ɗanyen ƙyallen da ake rufe gurasa da shi, ta sha iska, sannan ya mayar. Busasshiyar gurasa ko hannun mutum sai da lallashi, balle ƙarfe. Inji ya koma yaga. Rudaina ta ƙara hutu, Abu Sakar ya ƙara tumbi, tsoho yana ta "ayya, sannu" kamar gaske.

Ran nan ya dawo daga sallar azahar ya tarar da ita zaune kan kwandon tumatir, ta zuba wa injin ido.

"Baba, sun kira daga kamfani. In ban koma Lahadi ba za su ba wani aikina." Ta share hanci. "Ƙila ma gaskiyarsu. Wadda ta kasa naɗe gurasa, me za ta ƙera musu?"

Kai, maganar ta soke shi. Kunya ta rufe shi har wuya. Shi so yake ta zauna, ba ta raina kanta ba.

Washegari ya jiƙa ƙyalle da kyau, ya lulluɓe gurasa, ya zauna ya harɗe hannuwa don kada shaiɗan ya ja su. Inji ya ɗauka, ya lanƙwashe gindi, ya mirgina, ya ajiye. Ya sake. Har azahar ko ɗaya ba ta yage ba.

"Baba, ka gani? Ka gani!" Ta rungume shi, ta fita da gudu da waya a kunne, tana ce musu Lahadi tana nan tafe.

Abu Sakar ya leƙo, ya ga babu ko guntu, ya yi tsaki ya koma. Wani direban tasi da ke jiran tasa ya nuna injin da haɓa.

"Alhaji, daga Jamus aka kawo maka shi?"

Abu Gassan ya goge ido da gefen hannu, ya ce hayaƙi ne, ya miƙa masa shawarmarsa.

"Wace Jamus? 'Yata ce ta ƙera shi. Lahadi za ta koma bakin aikinta."