Mai Unguwa da Shuɗin Hannuna

Sunan akun Mai Unguwa. Ba ni na raɗa masa ba, marigayi Alhaji Salim ne, maƙwabcinmu, daga cikin tsofaffin gidajen Larabawan nan na cikin birni. Wai don babu abin da zai wuce a lungunmu tsuntsun bai sa baki ba. Jikinsa ruwan toka ne, wutsiya ja wur, ido kamar na dattijon da ya san sirrin kowa.

Da Alhaji ya rasu, matarsa Hajiya Nana Hauwa ta aika aka kira ni. Ta ce ƙafa ta hana ta ɗawainiya da shi, kuma ta lura duk cikin masu shigowa gidan ni kaɗai yake sunkuyar wa kai in sosa masa.

"Hashimu, tafi da shi," in ji ta. "Amma amana ce. Ranar da na ga ya lalace, zan karɓe abina in ba Ikram."

Ikram 'yarta ce da ke aure a Kaduna.

Shekara uku muna tare. Ni ban yi nisa a boko ba, amma karatun Mai Unguwa na iya shi. Na san ba ya cin gyaɗa mai gishiri, sai ɗanya wadda na zaɓe da hannuna don kada a samu mai fumfuna. Na san yana son gwaiba da ɗanyar masara, in kuma na samo masa ƙwarar manja a wajen masu kawo kaya daga kudu, ranar sai ya yi ta rawa a kan sandarsa. Ran Juma'a in yayyafa masa ruwa, ya buɗe fukafukai yana ta ƙananan maganganu. Kejinsa yana rataye a tsakar gida, kusa da inda Inna Mero, mahaifiyata, take tankaɗe. Da na yi sallama zai amsa da muryar Alhaji, sannan ya ce, "Hashimu! Hashimu!" In buɗe keji ya tako hannuna, ya hau kafaɗata yana jan kunnena a hankali.

Abu biyu suka zo mini a wata ɗaya. Na samu shiga marinar Ƙofar Mata koyon rini, sannan Nazeer, ɗan Gwaggona, ya zo zama gidanmu don makarantar da ya samu a Kano. Ni dai ɗaya kawai na gani a cikinsu.

Nazeer taubashina ne, wasa tsakaninmu tun muna yara. Dogo ne, ɗan gayu, kullum waya a hannu yana ɗaukar kansa hoto. Ranar da ya iso ya leƙa kejin ya ce, "Kai, Hashim, wannan tsohon kuma fa? Ko shi ne waliyyinka?"

"Matsa, yana cizo," na ce masa.

Ban yi ƙarya ba. Amma bai cije shi ba.

Ba a yi kwana goma ba, na dawo daga marina da yamma, na buɗe keji na miƙa hannu. Mai Unguwa ya ja da baya har ƙarshen sanda, ya tayar da gashin wuya, ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. Na ce ko ya tashi da fushi ne. Washegari haka. Jibi ma haka, har ya kai mini sara a yatsa, jini ya fito.

Ina tsaye ina tsotsar yatsan sai ga Nazeer ya fito daga ɗaki yana fito. Ya miƙa hannu ko kallo bai yi ba, idonsa na kan waya. Mai Unguwa ya tako. Ya hau kafaɗarsa. Ya sunkuyar masa da kai.

"Ka gani ko?" in ji Nazeer yana dariya. "Ya gane ɗan birni na gaske. Kai je ka ka auri rijiyar rini."

Na yi dariya ni ma, don taubashi ne. Amma tuwon ranar ban san yadda na haɗiye shi ba.

Daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. Mai Unguwa ya koyi kukan wayar Nazeer. Ya koyi dariyarsa, wata dariya mai fita ta hanci. In na yi sallama yana amsawa, amma "Hashimu" ɗin ya ɓace, sai dai in ji "Nazeer! Nazeer, ka ci abinci?" da muryar Inna. Ni nake wanke keji. Ni nake zaɓen gyaɗa. Ni nake takawa har kasuwar Kurmi neman gwaiba mai kyau, in yanka in ajiye, sai Nazeer ya zo ya ɗauki yankan da na yi ya miƙa masa, ya karɓa yana lumshe ido. In ina jujjuya ƙyalle a rijiyar baba, wato ruwan shuɗin da muke rini da shi, zuciyata tana gida, ina ganin su biyu a tsakar gida suna hira ba ni.

Ran nan na sauke kejin na kai ɗakina na rufe.

"Me ya yi maka?" in ji Inna.

"Iska ce ta yi masa yawa, Inna."

"Iska? A wannan zafin?" Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗenta. "Allah ya shirye ka, Hashimu. Kishi da tsuntsu."

Tun safe nake fita, sai la'asar in dawo. Mai Unguwa yana ɗaki shi kaɗai, ba ya ganin kowa sai bango. Ya daina magana. Sati biyu da haka na fara ganin gashi a ƙasan keji, na ce lokacin zubar gashi ne. Sai wata rana na shigo na same shi ya dunƙule kai a ƙirji yana fizgar gashinsa da baki, ɗaya bayan ɗaya. Ƙirjin ya zama fili, fata a waje kamar ta kazar da aka fige.

Inna ce ta kai labari. Hajiya Nana Hauwa ta zo da kanta, tana dogara sanda, aka shimfiɗa mata tabarma. Na fito da kejin. Ta ƙare masa kallo.

"Wa ya kulle shi a ɗaki?"

"Ni ne, Hajiya."

"Aku ba kaya ba ne da za ka sa a adaka. Kaɗaici ne ya sa yake cin kansa. Don me?"

Na sunkuyar da kai na ce ya daina so na. Na ce an raba ni da shi. Na miƙa hannu don in nuna mata yadda yake gudu na, ya kuwa ja baya yana gurnani.

Hajiya ta kama hannuna ta jujjuya shi. Shuɗi ne tun daga farce har gwiwar hannu, wani wurin ya koma baƙi-baƙi. A marina akwai safar roba, amma tawa ta yage tun satin farko, maigidana kuma yakan ce hannu ne ke sanin ko baba ya kama, don haka ban sake neman wata ba. Ni har na daina ganin launin.

"Wannan kake miƙa masa?" in ji ta. "Kai, Hashimu, Allah ya ba ka haƙuri bai ba ka lura ba. Shekarar da na sa lalle na bikin Ikram, kwana ashirin bai yarda na matso kejin ba. Alhaji ya sake hula kawai, ya yi sati yana zaginsa. Shi bai san hannun nan ba. Tsoro yake ji."

Ta miƙe da ƙyar. "Mayar da shi tsakar gida. Ikram za ta zo ƙarshen wata. In na ga ƙirjin nan haka, da shi za ta koma."

Da ta tafi na zauna da lemon tsami da toka da soso, na yi ta dirza har fata ta yi zafi. Ya ɗan dushe. Washegari na koma aiki ya dawo sabo. Barin marina kuwa ba zai yiwu ba, da ita muke ci.

Ya kamata a ce na samu sanyi, tunda ba ƙina yake yi ba. Amma da kejin ya koma tsakar gida, na ga yadda ya ruga jikin ƙarfe da ya hango Nazeer, sai abin ya taso mini sabo. Na kalli hannun Nazeer, fes, har da agogo. Nazeer yana makaranta lokacin da Hajiya ta zo, bai ji abin da ta ce ba.

Ran Asabar na ce masa, "Kai mai son hoto, ba ka zo marina an ɗauke ka kana rini ba? Turawa ma daga nesa suke zuwa."

Ya zo da farar riga. Na tsugunar da shi a bakin rijiya, na ba shi ƙyalle. Ya ce, "Babu safa?" Akwai wata a ƙarƙashin tabarmar da nake zaune a kai. Na ce duk an ɗauka. Na ce ya zurma sosai, ya ɗago ya bari ya sha iska, ya sake zurmawa, hoton ya fi kyau. Na ɗauke shi hoto ya fi ashirin. Yana ta murna da ya ga koren ruwa yana komawa shuɗi a hannunsa.

Da yamma ya miƙa wa Mai Unguwa hannu. Tsuntsun ya yi ƙara ya faɗo daga sanda, ya maƙale a lungun keji yana haki.

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, amma na ɗan lokaci ne, kamar na kurɓar ruwa sau ɗaya. Sai na ga Mai Unguwa yana dubana, yana duban Nazeer, hannu huɗu babu wanda ya sani, Inna kuma tsoron bakinsa take ji ba ta matsowa. Ya sunkuyar da kai ya cire gashi ɗaya daga kafaɗarsa. Saura kwana goma sha takwas Ikram ta zo.

Bayan sallar magariba na gaya wa Nazeer komai, har safar da na zauna a kai. Ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, "Amma kai mugun taubashi ne. Saboda aku ka rina ni?"

"Ka yi haƙuri. Kwana biyar zai fita. Naka ba kamar nawa ba ne."

"In ya fita, ya dawo wurina, kai kuma fa?"

Na juya na kalli kejin.

Ran Litinin ina aiki a marina sai ga Nazeer da jakar makaranta. Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu a rijiya, ba hoto ba komai. Ya ce, "Tunda yana son muryata, bari ya saba da shuɗin a wurina." Bayan kwana uku ya sake zuwa. A makaranta suna ce masa Aljani, ya ce ba komai, a kaina zai fanshe.

Kullum da la'asar sai mu zauna a gaban keji, mu ɗora hannu a gwiwa inda zai gani, ba mai miƙawa. Nazeer yana surutu, ni ina ɓare gyaɗa ina ajiyewa kusa da ƙofa, kullum in matso da yatsuna kaɗan. Kwana shida bai kula mu ba. Na bakwai ya saci gyaɗa ya gudu. Ran na goma sha ɗaya ya miƙo wuya ya taɓa farcen Nazeer da harshe, ya ɗanɗana, ya tako.

Wurin Nazeer ya fara zuwa. Na so a ce wurina ne.

Ranar da Ikram ta zo, Hajiya ta sa aka kai kejin gidanta. Ta sa tabarau ta duba ƙirjin. Ƙananan tsiron gashi sun fito kamar ƙaya, bai cire ko ɗaya ba.

"Miƙa masa hannu in gani," in ji ta.

Na miƙa. Tun da hannuna ya rine, har ranar bai sake hawa nawa ba. Mai Unguwa ya karkata kai ya kalli shuɗin da ido ɗaya, ya kalli fuskata. Ya ɗago ƙafa, ya ajiye, ya sake ɗagowa. Sai na ji ɗumin yatsunsa a kan nawa. Ya bi hannuna a hankali har kafaɗa, ya kama kunnena.

"To, Ikram, ki koma ke kaɗai," in ji Hajiya.

Ina tafe da shi a lungu, Nazeer yana biye da kejin, sai Mai Unguwa ya gyara murya a kunnena ya ce, "Nazeer, ka ci abinci?"

Nazeer ya kusa yar da kejin don dariya. Ni kuwa na sosa wa tsuntsun kai, na ɗan ƙara sauri don in riga Nazeer shiga gida in yanka gwaibar da hannuna.