Sarauniya Mai Ɗigon Shuɗi

Ƙarfe takwas da rabi na dare, amma rana na nan bisa rufin kantunan birnin Aarhus ta ƙi faɗuwa, haka take yi duk watan Yuni. Kantuna sun rufe tun shida, titin kuwa bai watse ba, ga masu lasar askirim, ga masu leƙen takalma ta gilashi. Ejnar Thygesen ya ratso su yana haki, kwali a hammata, farin zanen gado a kafaɗa. Shekararsa saba'in da huɗu, rabonsa da sauri irin wannan har ya manta.

Preben mai askirim, tsohon abokinsa, shi ya buga masa waya. "Ejnar, zo ka kwashi iyalinka, sun tare a keken mutane."

Ai kuwa ga su nan. A ƙofar kantin tabarau, ƙudan zuma sun dunƙule a ƙarƙashin sirdin wani jan keke, curi guda kamar kabewa. Jama'a sun kewaye daga nesa, kowa ya ɗaga waya. Mutanen birni ke nan, ba su abin ɗauka a hoto sai su manta hanyar gida.

Zumar Gudrun ce, matarsa. Ita ta ajiye amya biyu a rufin kantin takalma da ke ƙarshen titin, shi nasa ɗaukar kaya ne kawai. In amya ta cika, tsohuwar sarauniya ce ke fita da rabin jama'arta neman sabon gida. Wannan sarauniyar kuwa Gudrun ce da hannunta ta ɗiga mata shuɗin fenti a baya don a riƙa gane ta, bara, wata biyu kafin a kwantar da ita a asibiti, kwanciyar da ba ta tashi ba. In curin nan ya tashi ya haye rufin gidaje, shi ke nan, ta tafi. Ejnar ya san haka, kuma ya tsorata ƙwarai.

"Naka ne waɗannan?" Mai keken ce, makulli a hannu. Solvej sunanta, ma'aikaciyar jinya, kuma tara da rabi take karɓar aiki. "In na girgiza keken ba za su tafi ba?"

"Za su tafi," in ji Ejnar. "Shi ya sa nake roƙonki kar ki taɓa shi."

"To in yi fiffike in je aiki?"

Preben ya leƙo daga rumfarsa. "Ɗauki nawa, yana baya. Birki ɗaya ne ke ci, amma ai dama asibiti za ki."

Dariya ta ƙwace mata. Ta karɓi makullin, ta duba agogo, sai kuma ta tsaya kallo.

Ejnar ya shimfiɗa zanen a ƙasa, ya kafa kwalin a kai. Da a reshen itace suke, girgiza ɗaya ta isa, amma keke duk lungu ne, dole sai da hannu. Bai sa safar hannu ba, don Gudrun ba ta taɓa sawa ba. Ya cusa yatsu a curin a hankali, ya ji ɗumi, ya ɗebo ya zuba a kwali. Sau uku yana yi, sau uku suna fitowa su koma sirdi. Sarauniyar ba ta ciki ke nan.

"Sun fi son keken, Ejnar," in ji Preben. "Kwalinka warin albasa yake."

"Rufe mana baki, kai da ko tururuwa tsoro kake."

Kukan curin ya fara sauyawa, wasu sun soma tashi suna kewaya fitilar titi. Ejnar ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ya leƙa ƙarƙashin sirdin. Can tsakanin ƙarafa ya gan ta, doguwa, tana tafiya abinta. Ɗigon ya karkace gefen hagu, don ranar hannun Gudrun na rawa, har ta yi wa kanta dariya. Ya miƙa ɗan yatsa ya jira. Kai, jiran nan ya yi tsawo! Daga bisani ta hau, ya kai ta bakin kwalin ta shige.

Nan da nan 'yan ƙalilan suka tsaya a ƙofa, suka ɗaga gindi suna kaɗa fiffike, kiran saura ke nan. Curin ya warware, suka gangaro ta taya, suka bi farin zanen a jere, dubbai, ba mai ture wani. Titin ya yi tsit, har masu waya suka sauke hannu.

Sauran aiki jira ne, don ba a rufe kwali sai rana ta faɗi waɗanda suka je yawo sun dawo. Preben ya kawo masa kujera.

Solvej ta matso, tana riƙe da keken aro. "Na ga wani abu shuɗi a bayan wadda ka ɗauko."

"Matata ce ta sa, kafin ta rasu."

"Ya kusa gogewa fa."

"Na sani." Ya dafa aljihun rigarsa. "Fentin na nan, wata uku ke nan ina yawo da shi."

"To me ya hana ka sabunta shi?"

Ejnar ya dubi kwalin. "In na ɗiga nawa a kai, nata ya rufe ke nan."

Solvej ta dafa kafaɗarsa, sannan ta tura keken a ƙafa, ba ta hau ba sai da ta yi nisa da zanen.