Baƙon da Ya Nemi Hanyar Kufai

An fara yankan shinkafa a gefen Bunkure ranar da baƙon ya yi sallama a ƙofar gidan Dattijo da hantsi. Saurayi ne ɗan birni, goye da jaka, ya ce sunansa Salim. Wai so yake a raka shi kan dutsen da ke ƙetaren fadama, inda ƙauyen kakanninsa yake kafin mutanen su watse.

Dattijo Bafulatani ne da ya daɗe da zama a wurin, yana noma yana kiwo. Bara ɓarayi suka kore wa maƙwabcinsa shanu, kuma kafin abin ya faru sai da wani baƙo ya zo yana tambayar hanya. Ya dubi saurayin sama da ƙasa, ya ga gara ya bi shi da ya bar shi ya yi ta yawo shi kaɗai. Ya shiga gida ya ɗauko sanda da adda, ya raɗa wa matarsa Ummi ta aika wa ƙanensa kada ya yi nisa da garke.

Suka bi gaɓar kanal ɗin ban-ruwa, sannan suka gangara fadama. Laka ta kai musu ƙauri, ciyawar kacala ta fi tsayinsu, balbelu na tashi a gabansu. Salim sai ɗaukar hoto yake da waya.

"Baffa, nan kuke shayar da shanu?"

"Wasu dai," in ji Dattijo.

"Naka suna da yawa?"

"Me ya haɗa shanuna da kakanninka, samari?"

Salim ya yi dariya ya ba da haƙuri. Daga nan Dattijo ya sa shi gaba, shi yana baya yana nuna hanya da baki.

Hawan dutsen ya ba su wuya. Marke da ƙirya sun rufe hanyar, ciyawa ta bushe ta yi ja, sai da adda suke ratsawa. Da suka kai sama Dattijo ya juya ya dubi ƙasa. Daga nan ana hango komai, har fararen shanunsa da ke kiwo a bakin gonakin da aka girbe.

Kufan yana nan kuwa, da rijiyar da ta rufta da wata tsohuwar kuka. Salim ya matsa gefe ya buga waya.

"Na iso," ya ce a hankali. "Ina ganin komai daga nan."

Dattijo ya gyara riƙon addarsa. Sai saurayin ya dawo ya miƙo masa wayar, ya ce kakarsa ce za ta yi masa godiya. Muryar tsohuwa ce tana rawa. Ta tambaye shi ko kukar tana nan, ko har yanzu da kogo a jikinta ta gabas. Ya zagaya ya duba, ya ce mata yana nan. Sai ya ji tana kuka.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ko ɓarawo ma yana da kaka. Kafin la'asar ya sa aka kora garken zuwa wajen surukinsa a Madobi.

Har aka gama sussuka ba abin da ya faru. Wata Asabar sai ga mota a bakin kanal, Salim ya fito riƙe da hannun tsohuwar. Ba za ta iya ratsa fadama ba, don haka Dattijo ya ɗaura wa bijiman noma amalanke. A hanya ta tambayi sunan mahaifinsa, ya faɗa mata.

"Mai ɗingishin nan? A gidanmu yake ajiye gorarsa ranar kasuwa."

Dattijo shi kansa ya kusa manta yadda mahaifinsa yake tafiya. Ya sassauta wa bijiman, ya ce, "Inna, ba ni labarinsa."