Durom ɗin gumin Inna da injin Yaya Uwais

Salamu alaikum mutanena, masu bibiyata da data ɗin aro. Ku matso, yau da labari na zo, saura kaɗan ya zama na ta'aziyya.

Yayana Uwais ya samo wani littafi a Kano, labarin wani gari da ba su san fetur ba. Komai da tururi yake aiki, har jirgi ya tashi sama. Ya gama karantawa ya ce, "Muzammil, mun daina sayen mai. Injin ban-ruwanmu na Tiga da tururi zai tashi."

Na ce, "Yaya, tururin dambu ko na ɗanwake?"

Ko dariya bai yi ba. Ya faki idon Inna Kaltume, mahaifiyarmu, ya ɗauke durom ɗin da take turara shinkafa. Ya sa mai walda ya liƙe murfin ruf, ya jona tiyo zuwa injin, ya ɗura ruwa, ya hura wuta a bakin gona.

Durom ya fara kumbura yana gurnani. Na ja baya na ce, "Yaya, abin nan fa fashewa zai yi."

"Ƙarfi yake tarawa," in ji shi, ya ƙara itace, ya tsuguna dab da shi. Ni kuma ƙane, ina zan iya jan babban wa a ƙasa? Na laɓe bayan mangwaro ina salati.

Sai muka ji fiiiii. Ashe durom ɗin yana da tsohuwar huda a gefe, Inna ta toshe da tsumma da sabulu. Toshiyar ta yi tsalle, tururin ya fice duka. Injin ko tari bai yi ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin fito irin wannan ba.

Da yamma na buɗe littafin, na ga wani babi fes, ko lanƙwasa babu.

"Yaya, wannan fa?"

"Soyayya ce, na tsallake."

Na karanta. A nan tukunyar tururinsu ta fashe, ta tafi da saurayin da ke soyayyar.

Yanzu Yaya yana tsakar gida yana ɓamɓare murfin durom, Inna na tsaye a kansa da muciya. To ku fa, da yayanku ne a tsugune gaban durom ɗin nan, janyo shi za ku yi ko bayan mangwaro za mu haɗu?