Akwatin Ɗakin Inna

Basharu mutumin Kalgo ne, kuma duk Gwandu ba a taɓa yin surukin da ya kai shi kunya ba. Tun da ya auri Lauratu, ɗiyar Alhaji Usman mai albasa, bai yarda ya haɗa ido da uwarta, Inna Kubura, ba. In ya hango ta a hanya sai ka ga babur ya faɗa lungu, ko da lungun ba ya ɓullewa.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Bawan Allah ya je har Kaduna ya koyo kwamfuta, amma in aka tambayi Alhaji sana'ar surukinsa sai ya taɓe baki ya ce, "Danne-danne yake yi."

To, a 1998 sai Alhaji ya sayo kwamfuta biyu, ɗaya a shagonsa na bakin titi, ɗaya a sito can bayan gida. So yake in an sauke buhu a sito ya gani daga shago, ba sai ya taka ba. Ya ce a kira mai danne-dannen a ga iyakarsa.

Basharu ya zo da tef, Lauratu ta riƙe masa baki ɗaya ta cikin gida, ya auna. Ita wayar haɗa kwamfuta tana da iyaka, mita ɗari ce. Ta wuce haka, saƙo ya gaji ya mutu a hanya. Gidan Alhaji kuwa unguwa guda ne, shago zuwa sito ya kai ɗari da hamsin. Maganin abin sananne ne: a kafa suwic a tsakiya, ɗan akwati mai fitilu da ke karɓar saƙo ya sake tura shi da ƙarfinsa. Sai dai yana son inuwa da wutar lantarki. A tsakiyar nan kuwa ɗaki ɗaya ne mai soket, ɗakin Inna.

Innalillahi! Basharu ya sake aunawa daga sito, ko Allah zai sa ɗakin ya matsa. Bai matsa ba. Ya ja waya ɗaya miƙe ta kan katanga yana addu'a, kwamfutoci suka yi gum.

Sai ya yi dabara. Ya jira ranar da Inna ta tafi suna Masama, ya shiga ɗakin sanɗa-sanɗa, ya kafa akwatin a saman jeren kwanoninta, ya fito yana gumi. Abu ya yi aiki ras. Washegari ya mutu.

Ya ɗauko Lauratu daga Kalgo ta duba masa. Ta fito tana dariya. "Inna ce ta zare filogin."

Aka mayar, aka roƙe ta, ta ce to. Kashegari ta sake zarewa. Alhaji ya ce in ranar kasuwa ta zo abin bai tsaya ba, za a kwance wayoyin a ɗaure awaki da su. Lauratu kuma ta ce bayanta ya gaji da babur, kowa ya je da bakinsa.

Haka Basharu ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya juya fuska ga bango, ya yi sallama da muryar da shi kansa bai ji ba. Inna ta ja mayafi ta ba shi baya. Can dai Inna ta ɗaga kai wajen jere.

"Kai akwati, tambayi ubangidanka, lafiya?"

Basharu ya ce wa akwatin, "Akwati, ka ce wa Inna don Allah a bar maka wutarka."

"Akwati, gaya mashi, an shigo mani ɗaki ba ni nan, an kafa ka kana ƙyafta mani ido, ko sannu. Mutum ya iya shiga ɗakina amma bai iya gaishe ni ba? Kunya na da kyau, amma tashi ta yi yawa. Mijin ɗiyata guda, yau na fara jin muryarshi. Wanga abu na yi mani ciwo."

Tausayinta ya kama Basharu. "Akwati, ka ba ta haƙuri. Na yi laifi."

Inna ta miƙa hannu ta soka filogi, fitilu suka kama. Sannan ta turo kwano ta bayanta har ya taɓa gwiwarsa. Tuwon shinkafa ne, malmala uku.

"Akwati, ka ce ya ci. Ya bar loma guda, in zare."

Cin abinci a gaban suruka! Abin da ko a mafarki Basharu ba ya yi. Ya dubi bango, bango bai ce komai ba. Ya yi bisimilla ya sa hannu.

Yana cikin malmala ta biyu sai ga muryar Alhaji tun daga shago, har tantabaru suka tashi. "Ta kawo! Ga buhunan nan ina gani! Ina injiniya? A kira mani injiniya!"

Basharu ya ji, hawayen daɗi suka cika masa ido, ya yunƙura zai tashi da tuwo cike da baki. Inna ta ɗora yatsa a kan filogi.

"Akwati, ka ce ya zauna. Injiniya bai gama ba."